Mu Biyu Muka Ci Tsakiyar Kwano

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Daga Fatakwal nake rubutu, inda nake aikin gadi. Labari ya iske ni cewa dangin wani saurayi a Gwandu sun ja da baya daga neman auren 'yar autar Yaya Hauwa, wai uwarta ta taɓa sa wa mutane wani abu a abinci.

Ni ne ɗaya daga cikin mutanen. Ɗayan yana kabari.

Tun kafin a koma mulkin farar hula, wana Alhaji Sani ya dawo daga aikin Hajji da injin ɗumama abinci, wanda yanzu ake ce wa maikirowef. A unguwarmu a Kalgo babu mai irinsa, har daga Wurogauri mata kan zo kallo. Matarsa Hauwa ce mai kula da shi. An nuna mata inda za ta murɗa, shi ke nan iyakar karatun.

Aka yi suna a gidanmu. Sauran shinkafa da kaza suka kwana a firij, wuta kuwa tana zuwa tana ɗaukewa. Innarmu ba ta yarda a ci naman kwana sai an sake tafasa shi a murhu, amma ga injin Makka, wa zai ce bai kai itace ba? Da hantsi Hauwa ta cika kwanon tangaran tsororo, ta binne naman a tsakiya, ta sa a ciki. Ƙararrawa ta buga, ta taɓa gefe, ya ƙona mata yatsa.

Muka zauna a zaure, kowa na cin gabansa kamar yadda aka koya mana. Nama kuwa ba a kai masa hannu sai babba ya raba. Cinya biyu ce ta rage. Baba ya ba Kawu Buba, ƙanen Inna, don shi ne baƙo. Ya ba ni ɗayar don na sha wahalar suna.

Na ji naman da sanyi kusa da ƙashi. Kawu ya yi dariya ya ce, "Wanga inji na Alhaji, rowar wuta garai."

Muka cinye. Wa ke mayar da rabon Baba?

Washegari ciki ya fara murɗa. Amai, gudawa, zazzaɓi, har ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Aka jiƙa mana sabara, ba ta yi ba. A bayan a-kori-kura aka kai mu asibiti a Birnin Kebbi, ni da Kawu, gado kusa da gado.

Da farko an zaci kwalara ce. Aka ɗebi jini da bayan gida. Jijiyata ta ɓuya, sai a ƙafa nas ta samu wurin sa ƙarin ruwa. Leda na ƙarewa a rataya wata, har Baba ya sayar da maraƙinsa.

Wata safiya na ga an ja labule tsakanina da Kawu. Da aka buɗe, an naɗe katifar.

Likita ya sa na ba shi labarin abincin tun daga farko. Sai ya ce, "Su wa suka ci tsakiya?" Ya ce injin yakan dafa gefe ya bar ciki da sanyi, naman da ya fara lalacewa kuwa a nan ƙwayoyin cuta ke tsira. Jikin Kawu na tsufa ne bai jure ba.

Kafin a sallame ni an riga an yanke hukunci a gida. Kwano ɗaya, mutum biyu kawai suka kwanta, to an zaɓe su ne. Alhaji ya mayar da Hauwa gidansu a Gwandu. Na dawo ina dogara sanda, ina faɗin abin da likita ya ce, Goggo, ƙanwar Baba, ta ce ciwo ya taɓa mini kai. Na faɗa a zaure, na faɗa a ƙofar masallaci. Da na gaji na bar garin.

Ba na zagin kowa. Inna ƙanenta ta rasa, mai kuka kuwa yana neman wanda zai nuna. Amma an nuna wadda ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Na warke, alhamdulillahi. Sai dai akwai irin injin a ɗakin ma'aikata a nan, kuma duk sanda ya yi ƙara, dariyar Kawu nake ji.

Ina gode wa Allah, da likitan nan da ban riƙe sunansa ba, da Inna da ta yi jinyata da makoki a bakinta.

Masu injin nan, ku baza abinci, kada ku tara shi tsororo. Ku rufe, ku tsayar a rabi ku juya, ku bar shi ya ɗan huta. Ku tsaga nama har ƙashi, in bai yi tururi ba ku mayar. Abin da ya kwana babu wuta, ku zubar. Gudawa da amai in sun haɗu, a fara ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti.

Ku kuma mutanen Gwandu, wani ya karanta wa iyayen yaron nan wannan. Hauwa ba ta zaɓe mu ba. Baba ne ya miƙo mana naman da hannunsa, don ya girmama mu.