Mudu Biyu a Rumfa Ɗaya

Ni haifaffen Kusfa ne a cikin birnin Zariya, ɗan gidan mutunci, kafin in watsa wa gidan ƙasa a ido. Na yi elementare har aji biyu, na fito da ilmi jingim: kwabo goma sha biyu sule ne, sule ashirin fam ne. Ku yaran yanzu da aka kawo muku naira, komai goma-goma kamar yatsun hannu, ba ku san wuyar da manya suka sha ba. A zamaninmu mai wannan lissafi rabin akawu ne. Har hula nake karkatawa.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, kawuna ya bar mini rumfarsa ta awon hatsi a kasuwar birni. Ya ce, "Kakanninmu da kuɗin wuri suka yi ƙirga, zane da kamu, gona da takun ƙafa, hatsi da mudu. Ba ƙarfe ne ya riƙe su ba, yarda ce." Na ce to. A raina na ce tsoho bai yi boko ba.

Da babban yatsa na fara. In zan sayar, sai in nutsa shi cikin mudu, ya ci gurbin dawa kaɗan. Ba wanda ya gani. Da na ga yatsa ba ya kawo riba sosai, sai na sayi mudun ƙarfe biyu iri ɗaya, na ari taɓaryar matata. Ɗaya na buga gindinsa ya yi zurfi, da shi nake saye. Ɗaya na turo gindinsa sama, da shi nake sayarwa. In ɗaya yana hannu, ɗayan yana cikin tsohon buhun da nake zama a kai. Shekara uku ina haka, ina kuma sahun gaba a masallaci.

Wata rana bayan kaka wani dattijon manomi, Malam Tanko, ya kawo dawa a kan jaki. Na auna, ta yi mudu ashirin.

Ya ce, "Uwargida ta auna ashirin da huɗu a gida."

Na ce, "Baba, mudun ƙauye ai bai je makaranta ba. Wannan ɗan birni ne."

Ya dubi mudun, ya dube ni, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Bayan azahar sai ga shi ya dawo. Wani ɗan doka ya tsaya a inuwar rumfar maƙwabcina kamar mai hutawa. Malam Tanko ya ajiye kuɗin a kan tabarma ya ce, "Akuyar da na zo saye an riga ni. Ba ni dawata."

Mudun sayarwa ne a hannuna, don lokacin masu saye ne. Na yi maza na ce, "Ga ta nan a ɗaure ita kaɗai, ko taɓa ta ban yi ba. Ɗauka kawai."

"A'a, ɗana. Da awo ka karɓa, da awo za ka bayar. Haka muka gada."

In na jawo babban mudun daga ƙarƙashina, kowa ya ga biyu. In na auna da na hannuna, dawa za ta yi saura. Ma'auna 'yan'uwana sun fara matsowa. Na kwance buhu na fara. Ɗaya, biyu, uku. Na cika har yana zuba, na ƙara da tafin hannu, wai ko ta ragu. A goma sha biyar na leƙa cikin buhun, na ga dawa tana nan da yawa. Na kai ashirin na tsaya.

Ya ce, "Ci gaba, ɗana. Ai da saura."

A ashirin da bakwai ta ƙare.

"Ikon Allah," in ji shi. "Dawata ta haihu a rumfarka tsakanin hantsi da azahar."

Ɗan dokan ya matso ya ce, "Malam, ɗan tashi daga kan buhun nan." Ina tashi, ya zaro babban mudun daga ciki.

A gaban alƙali aka cika babban mudu aka juye a ƙarami, dawa ta malale a tabarma. Alƙali ya ce wanne ne nawa. Na ce, "Duka biyu, Allah ya gafarta Malam." Ya ce, "To wanne kake so a auna maka da shi gobe kiyama?" Wata tara ya yanke mini.

A gidan yari da ludayi ake raba miya. Ni da kaina na riƙa zura wa hannun mai rabo ido, ina jin kamar in yi kuka in ya karkata shi. A nan na san abin da mutanen ƙauye suke ji a gabana.

Da na fito na tafi ƙauyen Malam Tanko a ƙafa na nemi gafara. Ya yafe. Sauran da na tauye wa ban san sunansu ba, su ne suke hana ni sakewa har yau, ina ta roƙon Allah. Awo kuwa ya ƙare mini, dako na koma. Da azumi ya zo ƙarshe na ɗauko mudu zan auna zakkar fidda kai ta gidana, sai matata ta karɓe shi a hankali ta ce, "Bari a kai wa maƙwabci ya auna mana, Malam. Wannan ta Allah ce."

Ku samari, ko da sikeli kuke awo, ko da naira kuke ƙirga, ku riƙe ma'auni ɗaya na saye da sayarwa. Kurkuku wata tara ne. Amma shekara ashirin ke nan ko gishiri ba a ba ni in auna a gidana.