Kalla da Kututturen Mugun Kawa

Kullum da hantsi Kalla yakan gangara kwarin Tama da gatari da dagi, ya durƙusa gindin mugun kawa, itacen ƙayar nan da aka kawo mana daga ƙetare. Shekara ashirin yana haka. Bana hannunsa ya fara rawa, ya aje gatari. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, kishinsa nake yi.

Ni ne ma'aikacin gandun daji da ya raba dashen itacen nan lokacin furoje, wato shirin dashen itatuwa. Ni na yi lakwal, makarantar boko. Ni na karanta cewa a ƙasarsa ta asali ƙwari suna cin irinsa, sanyi yana rage masa gudu. Nan kuwa zafinmu ya yi masa daɗi, saiwarsa ta iske ruwan kwari, fari ya kashe gawo da kalgo, shi yana nan kore shar. Da ya fara cinye garake, wato lambunanmu, na ce a sare shi daidai gwiwa, yadda muke sassabe. Aka bi maganata. Kowane kututture ya fito da tofo goma.

Kalla bai san ko bihim ba. Shi dai tono yake yi, taƙi ɗaya cikin ƙasa, ya datse itacen ƙarƙashin inda yake tofowa. Ya kuma lura inda awaki suka kwana nan itacen yake tsira bayan ruwan farko, sai ya sa mata su riƙa daka 'ya'yan itacen kafin su ba bisashe, don kada irin ya fito cikin kashinsu. Garkar Kulu, wadda ƙaya ta rufe har rijiya bayan rasuwar mijinta, yau albasa ce a ciki.

Kalla, kai ne mutanen Allakaye da Tabotaki suke nema. A ƙofata suke tsayawa su tambaye ni gidanka, in nuna musu raina yana suya.

Tawa garkar, gadon ubana, ƙaya ta cinye ta, saura kusurwa ɗaya. Girman kai ya hana ni zuwa wurinsa sai makon jiya. Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi. Ya miƙo mini dagi, ya kira ni yadda ake kiran 'yan boko, ya ce, "Mushe, durƙusa. Wanga icce ba a kashe shi daga tsaye."

Na gode, Kalla, Allah ya ba hannunka lafiya. Matasan Bouza, ku zo ku koya tun yana iya nunawa. Za ku tarar da ni a can, gwiwa a ƙasa, yana gyara mini riƙon dagi.