Kanwa a Ramin Ciyawa

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da muka buɗe ramin ciyawa a gidanmu na unguwar Amriguébé.

A lokacin saniya ɗaya ta rage wa Baba daga garken da ya gada, wata ja mai ciki. Kowace bazara sai ta rame har ka ƙirga haƙarƙarinta. Da damina wani likitan dabbobi ya koya mini dabara: a yanko ciyawar nan mai ƙaiƙayi da dabba ba ta kusanta, a bari ta sha iska, a daddatsa, a cuɗa da dusa da ruwan mazarƙwaila, a danne a rami a rufe da leda. In ta yi tsami, ƙaiƙayin ya mutu, ta zama abinci.

Baba ya yi ta yi mini tsiya. "Mu dai gawa muka san ana binnewa." Amma shi ya fi kowa tattake ramin, ƙafafunsa duk borori. Ganin ramin ya cika, ba mu tanadi harawa ba.

Da rani ya tsananta muka yaye ledar. Warin da ya bugo mu sai da maƙwabta suka leƙo. Ciyawar ta yi baƙi, ta narke kamar taɓo. Saniyar ta sansana, ta kau da kai.

Ina tsaye a bakin ramin, sai na ji muryar Baba a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Ya wiledi, ɗana, kanwa na zuba kafin ka rufe. Tun kakana ban taɓa ganin an ba saniya abinci babu kanwa ba. Cewa na yi ka manta."

Daga baya likitan ya ce mini kanwa ke kashe tsamin da ke tsare ciyawar. Ban iya yin fushi ba, tausayinsa ne ya cika ni.

Mun nemi harawa har ƙauyen Gaoui, abin da muka samu bai riƙe ta ba. Ta zubar da cikin, ta kasa tashi. Baba, wanda ya shekara arba'in yana fawa, ya miƙa wa maƙwabcinmu wuƙa ya shige ɗaki.

Tun ranar na gane cewa abin da ya saba gyarawa yana iya ɓatawa in aiki ya sake, kuma wanda ya fi kowa son abu yana iya rasa shi ta hannun kansa.