Ruwan da Muka Ɗebo Bayan Faru

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokin karatuna da direba, bayan mota cike da kwalabe da kula mai ƙanƙara. Digiri na biyu nake yi a fannin injiniyancin ingancin ruwa, kuma malamin da ke duba aikina ya ce ba a rubuta kundi a kan ruwan da ba a gani da ido ba. Mahaifiyata ba ta hana ni tafiya ba, amma da na yi mata sallama hannu kawai ta ɗaga mini.

Muna wuce Tureta hira ta mutu. Kaka ce, dawa ta yi tsawo ta rufe gefen titi, duk abin da ke cikinta yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Direba ya kashe rediyo, ko ramuka ya daina kauce wa.

A Bakura muka fara ɗibar ruwan rijiyoyi. Gaisuwar mai unguwa ta fi aikin tsawo, don har lafiyar iyalin da ban ajiye ba sai da ya tambaya. Da rana muka isa Mafara, muka ci soyayyen kifin madatsar Bakolori. Na yi ƙorafin tsada, mai kifin ta ce masunta ba sa nisa da gaɓa yanzu. Na biya. Nan muka kwana.

Washegari muka bar mota a Maradun, don hanyar Faru sai babur. 'Yan kabu-kabu da yawa suka ƙi, daga ƙarshe wani dattijo da ƙanensa suka yarda. Muka ɗaure kula muka kama hanya. A wani ƙauye bayan Faru mata suka kewaye mu a bakin rafi, suna ba mu labarin yaran da ke zawo da masu suma. Muka cika kwalabe da sauri muka juyo.

A mashigin rafin muka same su: mutum uku a kan babura, fuska naɗe da rawani, bindigogi a kafaɗa. Dattijo ya kashe babur tun kafin a ce ya tsaya. Muka sauka. Babbansu ya sa aka buɗe kula, ya ɗaga kwalba ya duba ta a rana, ya tambaya ko magani ne. Da ƙyar bakina ya haɗa bayanin cewa ruwa muke aunawa mu ga ko akwai cuta a ciki.

Sai ya ce, "Kana iya gane ruwan da ka kashe yara?"

Na ce ina iyawa, amma sai na koma ɗakin gwaji. Ya ɗauki kwalbar da ba komai, ya miƙa wa ɗaya daga cikinsu, shi kuwa ya tayar da babur ya shige daji. Aka zaunar da mu gindin wata tsamiya. Abokina yana ta motsa baki da addu'a, ni kuwa tawa ta ɓace mini, ina ta tunanin ko mutane aka tafi kira. Ban taɓa jira irin wannan ba.

Mutumin ya dawo shi kaɗai, kwalbar cike da ruwa ja-ja. Babban ya sa ta cikin kula da hannunsa.

"Ɗiyana biyu na bizne bana," in ji shi. "In ka gane, ka hwaɗa ma tsohon ga. Ina jin labari."

Suka sake mu, muka kamo hanya har Maradun. Da muka sauka dattijo ya riƙe hannuna, ya roƙe ni don Allah kada in aiko masa da komai. Ya ce in aka ji ya kai saƙo daji, mutanen gari ba za su bar shi ba.

Mun iso gida kafin magariba. Da sakamako ya fito, ruwan kwalbar da na rafin ƙauyen duk ɗaya ne: ƙwayoyin cuta, ga kuma gubar dalma, wataƙila daga masu wankin zinariya a can saman rafin. Tafasawa ba ta cire dalma.

Ban aika wa dattijo ba. Ma'aikacin lafiyar yankin na kira, ya sa aka yi shela a kasuwa cewa duk mai shan rafin nan ya bar shi ya koma rijiya. Ban san ko shelar ta kai daji ba.

A aji an koya mini auna ruwa. Tafiyar nan ce ta koya mini cewa aunawar ita ce mai sauƙi. Wuyar tana wajen isar da amsar ga mai sha ba tare da an jawo wa wani mutuwa ba.