Uwar da Ta Kasa Faɗin Sunan Ɗanta

Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen gaggawa a Gombe, idona ya ga abubuwa iri-iri, amma akwai ranar da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

A shekarun da bama-bamai suka addabi garin ne aka kafa mana wani allo mai kama da talabijin a bango. Duk wanda aka kawo, sai mu shigar da sunansa a kwamfuta, ya fito a allon tare da lambar gadonsa. Gaskiya ya rage mana zirga-zirga, amma ya koya mana lalaci. Kowa ya tambaye mu, sai mu nuna masa bango.

Ranar nan da hantsi bam ya tashi a kasuwa. Kafin azahar ƙafafuna sun kumbura, ko ruwa ban kurɓa ba, rigata duk jini. Ina cikin haka wata dattijuwa Bafulatana ta riƙe min hannu.

"'Yata, an ce an kawo shi nan. Dako yake yi a kasuwa."

"Wa? Yaya sunansa, Inna?"

Ta sunkuyar da kai. "Wancan yaron dai, na farin."

Ni da na tashi a unguwar Kumbiya-Kumbiya, na san sarai uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Kakata ma har ta rasu ba ta taɓa faɗin na babana ba. Amma gajiya ta rufe min ido. Na ce, "Haba Inna, mutane na mutuwa, ke kina ta kunya! Ga allo can, je ki duba." Na fizge hannuna na wuce.

Bayan la'asar na fito, na same ta tsaye a gaban allon, ta ƙura masa ido. Ashe baiwar Allah ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Na kama hannunta muka bi gado-gado, abin da bai ci minti biyar ba. Muka same shi a ƙarshen ɗakin, an riga an ja masa mayafi. Abokiyar aikina ta ce tun azahar yake kiran innarsa, bai daɗe da cikawa ba. Bango ɗaya ne ya raba su.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, 'yata." Wallahi da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ranar na gane cewa na'ura jera sunaye kawai ta iya, kai mutum wurin nasa aikin mutum ne. Tun daga nan, komai gajiyata, wanda ya zo neman ɗan'uwansa da ƙafata nake raka shi.