Gwaggon Kifi, Mai Ƙirga Kumfa

Ƙarfe shida da rabi take shigowa sashen wankin ƙoda, kafin ma'aikatan jinya na safe su karɓi aiki. Ba tsintsiya take fara ɗauka ba. Takan ajiye jakarta, ta ja kujera gaban tankin gilashin da ke jikin bango, wanda ke cike da tsirran ruwa da ƙananan kifaye. A ƙarƙashin teburin akwai 'yar tukunyar iska, da siririn tiyo da ya bi ta cikin wata kwalba kafin ya shiga ruwan. Sai ta murɗa kan tukunyar a hankali, ta zuba wa kwalbar ido, leɓenta na motsi. Kumfa take ƙirgawa. In ta yi sauri ta rage, in ta yi nawa ta ƙara. Fitilar tankin kuwa sai bayan sa'a guda take kunna ta, lokacin ta gama shara da goge gadaje.

A takardar aiki mai shara ce. A bakin kowa kuwa, daga babban likita har mai gadi, Gwaggon Kifi ce. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara ashirin da uku, shi ya sa na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Ta dalilin yayana na san ta. Shekara huɗu ke nan ina raka shi sau biyu a mako, ya kwanta sa'a huɗu da allura a hannu, injin na tace masa jini. Mai kwance haka ba shi da wurin kallo sai rufin ɗaki ko tankin nan. Yaya ya taɓa gaya mini cewa ba don tankin ba, da tuni ya fara tsallake ranaku.

Tsofaffin ma'aikata sun ce wani likita ne ya kafa tankin, aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi ya bar shi. Cikin wata guda gansakuka ta rufe gilashin, kifi huɗu suka mutu. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce a fitar da shi.

"Ranki ya daɗe, a ba ni mako biyu," in ji Gwaggo.

"Me kika sani game da kifi, Gwaggo?"

"In ban da suya, ba komai. Amma akwai abin da na gani."

Abin da ta gani shi ne, kullum da safe kifayen na can saman ruwa baki buɗe, da rana kuma su koma ƙasa suna wasa. Ruwan bai canja ba, kifin bai canja ba, to me ke faruwa? Ta tambayi duk wanda ta tare a hanya, har ta kai ga Injiniya, mai kula da injinan wankin da gwada ruwansu. Shi ya gaya mata iskar kabon ce a tukunyar, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa. Abincin tsirrai ce, amma sai da haske suke cin ta. Da an kashe fitila sai su daina, iskar ta taru, ruwa ya yi tsami, kifi ya kasa numfashi.

"Wato abinci muke ɗura wa masu barci, yana shiga hancin maƙwabtansu," in ji ta.

Tun ranar take rufe tukunyar kafin a kashe fitila. Mako biyu suka cika ba kifin da ya mutu, maganar fitar da tanki ta bi ruwa. Sai dai tambaya ba ta ƙare ba. Me ya sa ruwan famfo ke galabaitar da su? Ta gano maganin da ake zuba masa ne, ta koma kwanar da ruwan a bokiti kafin ta zuba. Wannan farin dattin a bakin gilashi fa? Ta koyi ɗiga maganin gwaji tana ƙirgawa har launi ya juya, don sanin taurin ruwa. Injiniya ya ce da ya hango ta da kwalba a hannu ya san sai shayinsa ya huce kafin tambayoyinta su ƙare.

Yanzu bari in faɗi wanda na gani da idona, don ni na jawo shi.

Wata hantsi an aiki Gwaggo wani sashe. Na ga kifi biyu a saman ruwa, sai tausayi ya kama ni. Tukunyar ta yi mini kama da ta iskar numfashi da ake sa wa marasa lafiya, na ce bari in taimaka. Na murɗa ta sosai, na koma na zauna ina jin na yi aikin lada. Can an jima Yaya ya ɗaga murya:

"Kai, duba Ɗan Ja!"

Kifin da ya fi so ke nan, ga shi kwance a kan gefe ɗaya. Akwai 'yar ƙwaryar gilashi maƙale cikin tankin mai nuna yawan iskar: shuɗi yunwar tsirrai, kore lafiya, rawaya hatsari. Ta fara zama rawaya.

Gwaggo ta shigo, kallo ɗaya ta yi. Ta rufe tukunyar, ta zuƙe rabin ruwan da tiyo, ta zuba kwanannen ruwanta, sannan ta miƙo mini kofi.

"Ɗebi ka zubo daga sama, iska ta shiga. Kar ka tsaya sai na ce."

Minti arba'in ina zubawa, hannuna kamar zai cire. Mutum takwas a kan gadaje sun zuba wa tankin ido. Kifi biyu suka mutu. Da Ɗan Ja ya miƙe ya kaɗa wutsiya, wata dattijuwa ta shiga buga ƙarfen gadonta da hannun da ba allura, saura suka bi ta.

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Ɗana, me ka gani har ka murɗa?" Da gaske take son sani. Na gaya mata.

"Ashe! Ai abinci suke nema a saman. To tunda kai mai karatu ka ruɗe, wani ma zai ruɗe."

Washegari ta sa ni na rubuta da manyan baƙaƙe a jikin tukunyar: TA GANYE CE, BA TA KIFI BA.

Gwaggo, ke ce wadda ba ta jin kunyar cewa ban sani ba. Ke ce kika mai da likitoci da injiniya malamanki ba tare da sun shirya ba. Ba wanda ya ɗora miki aikin nan, ba wanda ya ƙara miki girma dominsa, amma kin ba mutanen da ciwo ya ɗaure a gado abin da za su yi marmarin gani in sun zo. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sa ki huta lafiya cikin jikokinki.

Mu kuma da muka rage, kowa akwai abin da yake wucewa ta gabansa kullum a wurin aiki yana lalacewa. Mu tsaya mu duba, mu yi tambaya kamar yadda ta yi.

Jiya na same ta tana koya wa matar da za ta gaje ta yadda ake datse ganye. Na ce mata zan yi rubutu a kanta, ko akwai abin da take so in faɗa wa jama'a? Sai ta nuna mini wani tsiro a kusurwar hagu.

"Wannan da wancan uwarsu ɗaya, ni na raba su. Wancan ya yi ja, wannan ya ƙi. Na sauya musu wuri, na daidaita haske, bai ji ba. Ka tambayar mini su. In akwai wanda ya sani, ya zo kafin ranar talatin."