Shafukan da Aka Ɗinke Mana

Har yau in na ji mace ta tsinke zare da haƙori, sai raina ya ɓaci. Shekaranjiya mai ɗakina tana kama wa yaro aljihun rigar makaranta, ta kai zaren baki ta tsinke, na tashi na bar mata tabarmar. Ta bi ni da ido, ta ɗauka wani laifi ta yi. Ba ita ba ce. Wani malamin lissafi ne da ya koyar da mu a ƙaramar sakandare, can wajen Ƙafin Maiyaki. Bari in ba ka labarinsa, ko na ɗan huce.

Mu biyu ne a gidanmu muke aji ɗaya, ni da taubashina, ɗan gwaggona. Mahaifinsa Bafulatani ne, rugarsu tana wajen Badafi, suna noma suna kiwo. Ba da son ransa ya bar yaron ya zo gidanmu karatu ba, gwaggo ce ta yi ta naci har ya gaji. Ranar da ya kawo shi, a zaure ya gindaya wa babana sharaɗi: shekara uku ya bayar. In yaron ya ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya da ake yi a ƙarshen aji uku, ya bar wa boko shi. In bai ci ba, sanda tana jiransa, don shanu ba su da mai bin su. Babana ya ce Allah ya yi jagora. Ba wanda bai san da wannan magana ba a gidan.

Kuma yaron yana da kai, wallahi. Ni kam, in faɗa maka gaskiya, sai an maimaita min abu sau uku nake kama bakin zaren. Shi kuwa kafin malami ya gama rubuta tambaya a allo, leɓensa ya fara motsi, ya riga ya san amsa. Ina tsokanarsa da ɗan nagge, yana ce min ɗan tuwo, amma ranar gwaji gefensa nake rarrafowa in zauna.

To, malamin namu fa? Gajeren mutum ne mai biro uku a aljihu, ja da baƙi da shuɗi, ga tabarau da ba na jin ko na magani ne. Yana da wani babur da yake gogewa da hankici kafin ya shigo aji da bayan ya fita. Rubuta kwanan wata kaɗai sai ya cinye masa rubu'in darasi, yana ja da baya yana kallon rubutunsa yana gyaɗa kai. In ya buɗe baki kuwa, sai Turanci ya yi ta zubowa, rabi nasa rabi na aro. Mu 'yan ƙauye muna zaune baki buɗe, mun ɗauka duk jihar Kano ba kamarsa.

Muna aji biyu aka raba mana sababbin littattafan lissafi. Da kaka ne, ko'ina ƙamshin harawa da aka shanya a kan soraye. Malam ya ɗauki ɗaya yana buɗawa, yana lasar yatsa, har ya kai tsakiya inda haruffa suka cakuɗe da lambobi, x a nan, y a can. Sai ya rufe da ƙarfi. Ya ce wannan shi ake kira aljebra, kuma ba na yara ba ne.

"Ƙwaƙwalwarku ba ta nuna ba," in ji shi. "Sai babbar sakandare. Duk wanda ya taɓa shi yanzu, kansa zai juye."

Wai har ya san wani yaro a birni da ya zauce ta haka. Ya rubuta lambar shafin farko da ta ƙarshe a allo, ya ce kowa ya kai gida a ɗinke masa su, gobe zai duba.

Za ka ce wane irin iyaye ne za su yarda da wannan shirme. Namu ne, kuma ba wawaye ba ne. Babana malamin allo ne. A makarantarsa yaro ba ya wuce inda aka biya masa, ba ya wanke allo sai an ba shi izini, kuma akwai littattafan da ba a buɗe wa mutum sai ya kai. A wurinsa karatu daga bakin malami ake karɓa. Shi in ɗalibi ya kai inda saninsa ya ƙare, ba ya jin kunya, sai ya tura shi wurin wani malami a Tudun Wada. Ya ɗauka duk wanda ake kira malam haka yake. Da wannan mudun ya auna mai biro uku, kuma a nan aka cuce mu.

Da la'asar ɗin nan matan unguwa suka baje a gindin mangwaron gidanmu, kowacce da littafin ɗanta a cinya. Innata da zaren ɗinkin hula ta yi namu, kore, ta jera ɗinkin tsaf kamar za a kai kasuwa, ta tsinke zaren da haƙori. Har gasa suke yi, wata tana leƙa na wata tana cewa nata ya karkace. Washegari malam ya bi layi yana ja da farce, wanda nasa ya yi sako-sako ya sha ranƙwashi.

Taubashina bai haƙura ba. Da hutun damina ya tafi ruga da littafinsa, ya sa reza ya warware zaren, yana kiwo yana dubawa. Da ya dawo ya ja ni bayan rumbu ya nuna min. Ya ce ba wani abin tsoro a ciki, x ɗin nan saniya ce da ta shige cikin dawa: ka san nawa ka fito da su, ka ga nawa ke gabanka, ai ka san nawa suka ɓuya. Shi kaɗai ya ci shafi wajen goma. Inda haruffa biyu suka haɗu a tambaya ɗaya, nan ya cije, ya yi ya yi ya kasa.

Da muka shiga aji uku, sai ya ɗauki littafin ya je gaban teburin malam, ya durƙusa, ya ce don Allah a nuna masa nan wurin kawai. Ina kallo. Malam ya zuba wa shafin ido, ya daɗe, ya cire tabarau ya mayar. Na ga gumi a goshinsa, na ɗauka zafi ne. Can sai ya daka tsawa, wa ya warware ɗinkin? Bulala shida ya yi masa a gaban aji. Bai tsaya nan ba, da yamma ya hau babur ɗinsa har ƙofar gidanmu.

"Malam, kai ma malami ne," ya ce wa babana. "In ɗalibinka ya tsallake inda ka biya masa, yaya kake yi da shi?"

Ka ji ɗan duniya! Ya san inda zai soka. Kunya ta rufe babana, ya yi ta ba shi haƙuri, har da ƙwaryar gyaɗa aka ɗaura masa a bayan babur. Bayan ya tafi aka kira taubashina.

"Kawu, wallahi ina ganewa," ya ce, idonsa ya kawo ruwa.

Babana ya ce ganewa ba da izinin malami ba ba ta da albarka. Ya sa innata ta sake ɗinkewa, wannan karon da basilla da zaren buhu.

Da bazara aka kwashe mu a mota zuwa Kiru rubuta jarrabawar. Zafi kamar ya dafa mutum, rigarmu ta manne a baya. Aka raba takardar lissafi, na duba sama na duba ƙasa, haruffa ne birjik. Yaran wasu makarantu sun duƙufa suna ta rubutu, sa'anninmu, wasu ma ba su kai mu ba, kuma ban ga wanda kansa ya juye ba. Na waiga na ga taubashina yana rubutu da sauri, sannan ya tsaya, ya dafe kai. Ya amsa iya abin da ya koya wa kansa a bayan shanu. Da sakamako ya fito, sunansa yana ƙasan layin da aka ja, kaɗan ya rage. Nawa kam ko kusa.

Mahaifinsa bai yi faɗa ba. Ya zo, ya gaisa, ya ɗaure akwatin yaron a bayan keke. Kafin shekara ta juyo, taubashina ya bi garke kudu, ta wajen Doguwa.

Ni da ba shanun da ke jirana, aka ce in maimaita aji uku. A shekarar aka kawo mana wata malama 'yar bautar ƙasa, aka ba ta lissafi. Da ta ga littattafanmu sai ta riƙe baki, ta aika aka sayo reza. Kafin zango ɗaya ya ƙare, ni ɗin nan da sai an maimaita min sau uku, ina warware tambaya mai haruffa biyu.

Wata rana ta aike ni ofis in karɓo alli. Na zagayo ta bayan aji, sai ga malaminmu na da, a tsugune a gindin taga, a jikin babur ɗinsa, kamar mai gyaran wani abu. Littafin rubutu ne a kan gwiwarsa. Yana leƙen allonta yana kwafa. Na ga shafin da idona: tambaya ɗaya ce, ya yi ta sau uku yana sokewa da jan biro. Da ya gan ni ya zabura, ya ce me nake kallo, aikinta yake dubawa. Tir! Ashe ba ƙwaƙwalwarmu ce ba ta nuna ba. Mutumin bai iya ba ne, kuma ya gwammace ya toshe wa aji guda hanya da ya buɗe baki ya ce bai sani ba.

Na faɗa wa babana a ranar. Ya yi salati. Ya aika ruga a dawo da yaron, amma garke ya yi nisa, kuma mijin gwaggo ya ce shi ya cika alkawarinsa. Har babana ya rasu ban ƙara jin ya kira mutumin nan malam ba.

Yanzu ina jin masu manyan riguna a rediyo suna ja-in-ja, wai a fara wa yara aljebra a ƙaramar sakandare ko a bari sai babba, wai kada a takura wa ƙwaƙwalwa. Su 'ya'yansu ko an jinkirta ba abin da ya sha musu kai, babbar sakandare tana nan tana jiransu. A ƙauyukanmu yaro da yawa aji uku ne iyakarsa, in ka ce masa sai nan gaba ka hana shi ke nan. Shi kuwa mai biro uku ya tsufa, a layin gaba ake zaunar da shi ranar taron makaranta, ana kiransa uban ilimi.

Na ba taubashina labarin tagar nan ya fi sau goma. Dariya yake yi, ya ce tsokana ce irin tawa, ta yaya malami zai rasa sanin abin da ke cikin littafinsa? Da ƙaramar sallar da ta wuce ya zo gidana. Babban ɗansa ya gama firamare, shi ne na ɗaya a ajinsu. Na roƙe shi ya kawo min yaron ya zauna a wurina ya ci gaba.

"Bar shi kawai," ya ce. "Irin kanmu ba ya ɗaukar lissafin nan. Ai ni na gwada."

Da zai tafi ya tambaye ni ko malam yana nan a gidansa na da. Ya riƙo masa man shanu a kwalba, yana so ya biya ya gaishe shi.